Tabarmar Samarin Rawayya

Shekarar da rijiyar Rawayya ta rufta, dattawa suka zauna a ƙofar Maigari Jibril don yanke inda za a haƙa sabuwa. Samari kuwa suna tsaye can baya cikin rana, kamar ba su da baki.

Sai wani saurayi, Labbo, ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa gaban Maigari, ya ajiye daginsa na haƙa.

"Ranka shi daɗe, mu munka haƙa waccan, mu za mu shiga wannan. A ji ta bakinmu mana."

Dattawa suka hau salati. Wani ya ce a kore shi.

Maigari ya daɗe yana kallon dagin, sannan ya ce, "Ku matsa. A shimfiɗa wa masu shiga rami tabarma a inuwa."