Abin da Delmar Ya Ɗura a Bindigarsa

Hollis Tackett bai tsaya ɗaure igiyar takalmi ba ya tsallaka shingen da ya raba gonarsa da ta maƙwabcinsa. Motar asibiti na tsaye a bayan gidan Delmar Pruitt, fitilarta na juyawa, jiniya a kashe. Tun daga nesa gabansa ya faɗi, don ya san da akwai sauran rai da ana gaggawa.

Ma'aikata biyu sun riga sun lulluɓe Delmar har ka. Matarsa Verna na tsaye a cikin dusar ƙanƙara, ta ɗora rigar sanyin mijin a kan rigar girkinta.

"Mis Verna, me ya faru?"

"Ya tafi, Hollis," in ji ta. "A kan bencinsa. Na ƙwala masa kira ya zo ya karya, na ji shiru."

Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya rage murya. "Zuciya ce, yallaɓai. Masu irin ciwonsa ba sa son sanyi, ba sa son yunƙuri. Abu kaɗan ne sai ta tsaya."

Hollis ya waiwaya wajen teburin katakon da Delmar ke gwada harbi a kai. Bindigar na jingine da teburin, bakinta sama, sandar ɗuri tsaye a cikin bututun. Ya ƙura wa sandar nan ido.

Bindigar Delmar irin ta ɗuri ce, wadda ake zuba albarushi ta baki a danna harsashi da sanda, harbi ɗaya sai an sake ɗurawa. A tsaunukan gabashin jihar Kentucky irin waɗannan bindigogi na da ranakun farautar barewarsu a Disamba, kuma Delmar bai taɓa barin ko ɗaya ta wuce shi ba. Harsashin ya fi bututun sirantaka, don haka ake sa masa 'yar rigar roba, sabot, wadda ke kama bangon bututun. In rigar ta yi sako-sako, harsashi ya tafi yawonsa. In ta matse, ya tafi inda aka aike shi, amma kafin mutum ya danna shi ƙasa sai ya ji a jikinsa. Kowane bututu da rigar da ta dace da shi, kuma a kan wannan magana maƙwabtan nan biyu sun kwashe shekara goma suna musu, ba wanda ya taɓa cewa ɗayan ya yi gaskiya.

Mako uku da suka wuce, Hollis ya tarar da tsohon yana duba allon da ya harba. Huji uku ne, kowanne ya kama gabansa.

"Wannan harbi ne ko watsa wa kaji tsaba?" in ji Hollis.

"Iska ce."

"Wace iska? Ko ganye bai motsa ba. Rawayar robar nan taka ta yi wa bututunka sako-sako, na gaya maka tun bara."

"Shekara goma sha tara ina cika firiza da 'yar rawayar nan. Lokacin kana ina? Yaushe ma aka haife ka?"

Hollis shekarunsa sittin da ɗaya, da jikoki huɗu, amma a wurin Delmar mai saba'in da takwas har gobe yaro ne. Ya koma motarsa ya ɗauko ledar baƙaƙen riguna guda hamsin, ya dangwara a kan teburin.

"Ga mai kauri. Wannan sai ka ɗora ƙirjinka a kan sanda kafin ta sauka, amma za ka ga huji uku wuri ɗaya."

"Kwashe kayanka."

"Ko dai ƙarfin ne ya ƙare, tsoho? In haka ne ka faɗa, in riƙa zuwa ina ɗura maka."

Ya faɗi haka yana dariya, alhali ya san an tsaga ƙirjin mutumin a watan Afrilu, ya san likita ya hana shi ɗaukar abin da ya fi galan ɗin madara nauyi. Shi da kansa ya kai shi asibitin. Ya kuma san halin Delmar sarai: in kana so ya hau rufin ɗaki, ka ce masa ba zai iya ba.

Kwana uku aka yi kafin jana'iza, kwana ukun nan Hollis bai ci abin kirki ba. Matarsa mai suna Wanda ta dafa wake da burodin masara ta ce ya kai gidan makoki, ya ajiye a baranda ya ƙwanƙwasa ya juyo, kamar mai gudun kare. Duk inda ya zauna abu ɗaya yake gani: Delmar ya ɗora ƙirji a kan sanda, ya cije baki, yana dannawa don kada yaron maƙwabta ya yi masa dariya.

"Kai, wai me ke damunka ne?" matar tasa ta tambaye shi a rana ta biyu. "Mutum ya shekara saba'in da takwas, ya mutu a inda ya fi so. Ka bi ka zama kamar kai ka kashe shi."

Ya ɗago ya dube ta. Ya tashi ya fita wai zai duba shanu.

A coci shi ne na gaba a masu ɗaukar akwatin. Fasto ya ce Delmar mutum ne da ba ya sauya magana, jama'a suka yi 'yar dariya, don kowa ya san taurin kai ake nufi. Hollis bai yi ba. A maƙabartar kan tudu Verna ta riƙe hannunsa ta ce ta gode, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Washegari da hantsi waya ta yi ƙara. Verna ce.

"Hollis, ka zo ka cire mini abin da ke cikin bindigar nan. Ɗanmu Garland zai tafi da ita garin Dayton ran Lahadi, shi kuwa bai san gabanta da bayanta ba. Na kulle ta a rumfar kayan aiki yadda take, ban bar kowa ya taɓa ba."

"Mis Verna, ko a kira wani?"

"Wane wani? Shekara goma kuna cika mini kunne da maganar roba, yau ka ce a kira wani? Ina jiranka."

Ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya tsallaka shingen, wannan karon a hankali.

Rumfar na warin mai da albarushi. Verna ta buɗe kwaɗon, ta jawo kujera ta zauna daga bakin ƙofa. Bindigar na kusurwa, sandar na nan tsaye a cikinta. Hollis ya tsaya a gabanta, hannunsa ya ƙi miƙuwa.

"Mis Verna, akwai maganar da zan gaya miki kafin in buɗe."

"Ina jinka."

Ya gaya mata duka, bai rage komai ba: baƙaƙen rigunan, da kaurinsu, da zolayar da ya yi. Ya ce yana tsoron in ya buɗe, baƙa zai tarar, kuma in baƙa ce, to bakinsa ne ya tsayar da zuciyar mijinta. Yana gama faɗa hawaye suka zubo masa, ya share da hannun riga.

Verna ta dube shi.

"Abin da ya hana ka shigo mini gida ke nan? Ka bar mini wake a baranda har ya daskare?"

Ya sunkuyar da kai.

"Buɗe," in ji ta. "Ni ban san baƙa da rawaya ba. Ka gani da idonka, ya fi in tsaya ina lallashinka."

Ya ɗauko bindigar ya kwantar a kan tebur, bakin na duban tudu. Ya fara duba gindin: babu ƙyastun da ke tayar da albarushi, Delmar bai kai ga sawa ba. Sai ya dubi sandar. Akwai zanen da Delmar ya yi mata da wuƙa tun da daɗewa, alamar ɗuri ya zauna daram a kan albarushi, kuma zanen na daidai da bakin bututun. Ashe ba a tsakiyar hanya ya tsaya ba, ya gama ɗurinsa. Hollis ya ɗan ja numfashi, amma bai saki jiki ba, don mutum na iya gama dannawa sannan ya faɗi.

Ya zare sandar. Ya sa sifana ya kwance toshiyar gindin bututun, ya karkata, albarushi ya zubo cikin gwangwani. Ya mayar da sandar ta baki ya ɗora tafin hannu, ya shirya zai danna da ƙarfi. Ko dannawar bai yi ba. Da yatsa biyu abin ya sulale, ya faɗo kan tebur ya gangara har ya tsaya a jikin sifana.

Rawaya ce.

Hollis ya ɗauka ya juya ta, ya sake juyawa. Rawaya ce dai, 'yar sako-sakon nan da ya shekara goma yana zagi, da harsashin a cikinta. Bai san lokacin da ya zauna a kan bokitin fenti ba. Sai ga shi yana dariya, hawaye na zuba.

"Tsohon nan! Wallahi tsohon nan! Ko gwadawa bai yi ba!"

"Da kai ka zaci zai ji maganarka?" in ji Verna. "Ni da na shekara hamsin da huɗu da shi bai ji tawa ba, sai taka?"

"To sandar fa? Ita ta tayar mini da hankali. Na zaci yana cikin dannawa ne abin ya same shi."

"Sandar? Ai tun kaka yake barinta haka. Ya fara mantuwa, Hollis, bai so ka sani ba. Rannan ya kusa ɗura biyu a kan juna, Allah ya kiyaye ya lura. Daga nan in ya ɗura sai ya bar sanda a tsaye, ya ce ita ce mai tuna masa."

Ta gyara zama, muryarta ta yi laushi.

"Ina kallonsa ta tagar kicin ran nan. Ya ɗura da hannu ɗaya, ɗaya hannun na aljihu. Ya jingine bindigar, ya zauna, ya zuba kofi, har ya ɗaga mini kofin. Na juya in duba tanda. Da na sake leƙowa ya jingina da tebur kamar mai gyangyaɗi, ko kofin bai zubar ba. Kullum tsorona kada ya faɗi a daji shi kaɗai, a kwana ana nemansa da karnuka. Ga shi ya tafi a bayan ɗakina, a zaune. Na yi kuka, zan kuma ƙara, amma na gode wa Allah."

Hollis yana ta murza 'yar rawayar a tsakanin yatsunsa.

"To baƙaƙen fa, ina ya kai su? Ko ya zubar?"

"Delmar ya zubar da abin kyauta?" Ta miƙe tana riƙe da ƙofa. "Zo ka gani."

Suka zagaya bayan rumfar zuwa lambun Verna. Tumatir ya daɗe da mutuwa, sai guntayen rodin da ake ɗaure shi a jiki, layi huɗu, tsaye cikin dusar ƙanƙara.

"Bara na sunkuya tsinkar tumatir, ɗaya ya kusa tsone mini ido. Tun lokacin nake masa mita ya rufe musu kai, yana ce mini gobe. Ranar da ka kawo ledar nan, kana fita ya shigo yana murmushi, ya ce, 'Verna, yau dai yaron nan ya kawo abu mai amfani.'"

Hollis ya matsa kusa. Kowane rodi da baƙar rigar roba a kansa, ta zauna cif kamar don shi aka yi ta. Ya sa babban yatsa ya gwada ɗaya, ta ƙi motsi.

"Ta matse," in ji shi.

"Haka shi ma ya ce." Verna ta ja rigar mijin ta rufe wuyanta. "Shigo ka ci waken matarka, na ɗumama. Ka rame kamar kai aka yi wa aiki."

Ta yi gaba. Hollis ya jefa 'yar rawayar a aljihun ƙirjinsa ya maɓalle. Ya ɗan ƙara tsayawa a bakin lambun. Rana ta fara haurowa ta kan tudu, dusar da ta taru a kan baƙaƙen hulunan tana narkewa, tana gangarowa jikin rodin ɗigo-ɗigo.