Saba'in a Takardar Sun-rye

"Ajiye wuƙar nan, Gil-ja, ki karanta min wannan."

Ina yanka kabeji a tsakar gida Yaya Sun-rye ta shigo tana ɗingishi, ta dangwara min takardar asibiti a cinya. Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninmu a garin Mokpo na bakin teku, kuma ta san na yi ritaya daga ɗakin gwajin asibiti, inda aikina shi ne rina tsokar da aka yanko don likita ya duba.

Tsokar ƙullutun da aka cire mata a cinya ce aka rina. Akwai wani sinadari, furotin, da ke kama rini in ƙwayar sankara tana hayayyafa, sai a ƙirga guda nawa suka kama cikin ɗari. In goma ne, da sauƙi. Nata saba'in. Ban taɓa ganin saba'in a irin wannan ciwo ya ba mutum dogon lokaci ba.

Amma ɗanta Dong-pil ya riga ta zuwa. Jiya ya durƙusa min a nan, ƙaton mutum yana hawaye. "Gwaggo, likita ni kaɗai ya faɗa wa, ni na roƙe shi. In Mama ta ji sunan ciwon nan, tsoro ne zai fara kashe ta. Ki rufa min asiri." Haka muke yi dama, tsoho ba a gaya masa, 'ya'ya ke ɗauka.

"To, malamar asibiti, kin kurmance ne? Saba'in ɗin mene ne?"

"Lambar gwaji ce kawai, Yaya. Ƙullutun kitse ne."

"Ki dube ni. Mal-sun ta yi waya, ta ce in zo tsibirin Jeju tsinkar lemo. In tafi yanzu, ko in bari ƙafar ta warke?"

Mal-sun ƙanwarta ce. Shekara goma sha biyu ba sa magana, tun wata baƙar magana da aka yi ranar jana'izar uwarsu, kuma ita ba ta iya fita saboda mijinta na kwance. Wallahi na buɗe baki in ce ta hau jirgin ruwan gobe. Sai na tuna in ta je, Mal-sun mai idon tsiya za ta gane.

"Ki bari sanyi ya wuce," na ce.

Ta ninke takardar ta cusa a aljihu. "Shi ke nan. Dong-pil ya iya ƙarya tun yana rarrafe, shi ya sa na zo wurinki."

Ƙarfin da ya rage mata a kakar nan, a kan waken suya ya ƙare. Muka dafa, muka kirɓa, muka yi curin daddawa goma sha biyu, muka ɗaure da karan shinkafa muka rataye a bakin rufinta su bushe, sai ƙarshen sanyi a tsoma su a ruwan gishiri. Ta kama hannuna ta danna yatsuna biyar a jikin ɗaya.

"Wannan naki ne, kar ki ce na yi miki rowa. Sauran da Mal-sun za mu ci."

Na yi dariya, ni shashasha.

Tari ya fara mata da dusar ƙanƙara ta farko. A asibiti suka tarar da sabuwar likita wadda ba ta san shirin Dong-pil ba. Ta dubi hoton ƙirji ta ce, a gaban mai ciwon, "Ya kai huhu. Da wannan saba'in ɗin, dama abin da muke tsoro ke nan."

Da suka dawo gida, da hantsi Yaya Sun-rye ta aiko a kira ni. Tana kwance a ƙasa inda ɗumi yake, robar iska a hancinta.

"Kin sani?"

"Yaya, Dong-pil ne ya..."

"Ba Dong-pil na tambaya ba. Shi ɗana ne, tsoro yake ji. Ke fa? Na ce ki dube ni, kika dube ni." Ta tsaya tana jan numfashi. "Ranar nan ƙafata tana ɗaukata, Gil-ja. Awa huɗu ne fa a jirgi."

Na ce ta yafe min. Ta juya fuskarta bango. Kullum ina kai kunun shinkafa, kullum Dong-pil na maido min da kwanon a cike, kansa a sunkuye. Haushinsa nake ji kamar in shaƙe shi, amma bakin da ya yi ƙaryar nawa ne.

Sai da abu ya yi nisa Dong-pil ya kira Mal-sun. Kafin ta sami mai zama da mijinta, iska ta tsayar da jiragen ruwa kwana biyu. Ta iso da kwandon lemo a hannu, ta tarar ana ɗaura baƙin ƙyallen makoki a hoton yayarta.

Bayan an binne, Mal-sun ta hau kujera ta yanke curin daddawar ɗaya bayan ɗaya, ta jera a kwandon da ta juye. Da ta kai na ƙarshe ta ga shaidar yatsu, ta leƙo ta kan katanga.

"Baiwar Allah, wannan kamar da mai shi?"

Ta bar shi a rataye ta sauka.

Lokacin ruwan gishiri ya zo ya wuce. Curin yana nan a bakin rufin shi kaɗai, ya tsattsage, in iskar teku ta taso sai ya juyo da yatsun wajen tagata.