Tattabarar da Ta Tsaya a Bakori

Shekara tara Mannir mai gyaran waya yana kiwon tattabaru a Funtua, bai taɓa samun lambar ƙungiya ba. Lambar kuwa ana ba duk wanda tsuntsunsa ya taso daga Malumfashi ya iso gida ƙasa da awa ɗaya. Bana tattabararsa Jar Wuya ta yi shi a minti hamsin da biyar, amma kwamiti ya ce babu shaida.

A ƙa'ida 'yan kwamiti biyu ne ke shaida, ɗaya a wurin saki, ɗaya a bakin akurki. Ranar kuwa duk sun tafi ɗaurin aure Danja. Shi kuma Mannir, da yake hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, ya ɗaura wa tsuntsuwar wata 'yar na'ura mai araha, ba ta kai ƙwallon dabino ba, mai rubuta duk inda aka bi da lokacin da aka bi. Abin da yake roƙo kawai a karɓe ta a matsayin shaida.

Sai a zama na huɗu aka saurare shi. Alhaji Mahadi, shugaban ƙungiya, ya karɓi wayar Mannir mai nuna abin da na'urar ta rubuta, ya gyara tabarau, ya bi layin taswirar da yatsa.

"Malam Mannir, ai wannan kwalta ta bi tiryan-tiryan. Nan kuma fa? Minti huɗu a tashar Bakori." Ya waiga ga sauran. "Fasinja ta tsaya saukewa?"

Wuri ya kaure da dariya. Ran Mannir ya ɓaci ƙwarai, don waɗannan mutanen ne ke bar masa wayoyinsu a buɗe su tafi, yau kuma su ne ke masa kallon maguɗi.

"Wallahi Alhaji ban sa ta a mota ba."

"Mu ba mu ce ba. Na'urarka ce ta ce."

Da ƙyar da siɗin goshi suka yarda a sake gwaji. Awaisu magatakarda ya tafi Malumfashi da Jar Wuya. Alhaji Mahadi ya haɗa masa da nasa tsuntsun, Gwamna, wanda ya ci lamba sau biyu, wai don a ga yadda tsuntsun ƙwarai yake tafiya. Mannir ya ɗaura wa kowanne na'ura. Shi da Alhajin suka zauna kan benci a tashar Bakori, inda ake lodin sabuwar masara, ƙasa duk ta yi ja da abin da ya zube daga buhuna.

Can sai ga su tafe a saman kwalta. Jar Wuya ta karkato ta dira tsakanin ƙafafun 'yan dako, ta hau tsinta. Gwamna ya dira kusa da ita. Ta ƙoshi ta tashi abinta, shi kuwa gogan naka yana nan sai da wani direba ya kore shi da hula.

Da yamma kwamiti ya zauna, babu mai dariya.

"Na'urarka ba ta yi ƙarya ba," in ji Alhaji Mahadi. "Sai dai doka ta ce tsuntsun da ya sauka a hanya ba shi da lamba."

Mannir ya ce, "Na ji. To a amince da na'urar, a ɗaura wa na kowa."

Awaisu ya duƙufa yana neman wani abu a aljihu. Mutum bakwai ne a kwamitin, kuma kowannensu yana da lamba rataye a zaurensa, duk ta wannan hanyar ta Bakori.

"Shaidar mutane ta wadatar da mu," in ji Alhajin. Ya sassauta murya. "Kafin ka fita, taswirar nan ta yau, a daure a goge ta."

Mannir ya miƙe, ya ɗaga wayar.

"Wacce daga ciki, Alhaji? Tawa ko taka?"