Ƙasusuwan Baba Ashafa

Ruth tana karatun binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa a jami'a, amma darasin gane ƙasusuwan dabbobi ya kayar da ita. Da ta dawo hutu Runjin Sambo, ta kai kukanta wurin maƙwabcinsu mahauci, Baba Ashafa.

"Ƙashi kuma, ɗiyata? Mi za ki yi da shi?" ya ce yana dariya.

Amma kullum sai ya ware mata na akuya, na tunkiya da na sa. Ta dafa, ta kankare, ta shanya, mahaifiyarta tana mitar wari.

Da ta ci jarrabawar, rumfarsa ta fara zuwa, ta durƙusa ta yi godiya. Ya sa mata albarka, ya yini yana ba masu sayen nama labari.