Ƙafafun Dayod da Almakashin Baba

Mahaifina tela ne da ya daina ɗinki, amma ɗinki bai daina shi ba. Tun da idonsa ya fara gajiya aka sayar da keken, ya dawo gidana da zama, babu abin da ya tsira. Labulen falona ya sha gyara, igiyar shanya ta sha daidaitawa. Ko baƙo ya shigo da wando ƙafa ɗaya ta ɗan fi ɗaya, Baba ba zai ji gaisuwarsa ba, idonsa na ƙasa.

Ni kuwa na daɗe ina koyar da fiziks a matsayin malamar wucin gadi. Sai ga gurbi ya samu a kwaleji, aka ce duk mai nema zai koyar da darasi ɗaya a gaban shugaban sashe. Wanda ya burge ya zauna, sauran su kama gabansu. Na ƙwallafa rai a kan aikin nan, don na gaji da zaman da kowane ƙarshen zango sai gabana ya faɗi.

Aka ba ni darasin semikondakta, wato abin da ake ƙera ƙananan kayan lantarki da shi. Na sayo ƙananan dayod masu haske, ja da kore, kowanne kamar ƙwayar wake da ƙafafun waya biyu, da batura faifai irin na agogo. Ina jera su a tebur Baba ya leƙo.

“Uwata, sun cuce ki. Duba, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Duk haka suke.”

“Haka ake yin su, Baba.”

“Haka ragwaye ke cewa,” in ji shi, ya wuce.

Da ina da hankali, a nan zan kulle su a jaka. Sai na zuba su a gwangwani na shiga kicin.

Da safe na tsaya gaban aji. Shugaban sashe na can baya, gilashinsa a karan hanci, fuskar nan kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Na fara da daɗi. Na ce jan ƙarfe yana barin lantarki ya wuce, roba ba ta bari, silikon kuwa ɗan tsaka-tsaki ne, sai yadda aka bi da shi. In aka barbaɗa masa wani sinadari kaɗan sai ya sami rarar elektron, in aka sa wani daban sai ya sami guraben da elektron ke nema. A haɗa ɓangarorin biyu wuri ɗaya, an sami dayod, ƙofa ce da ke buɗewa ta gefe guda kawai. Na rubuta a allo da manyan baƙaƙe: doguwar ƙafa ta taɓa gefen batir mai alamar tarawa. Na sa aka raba kaya.

Wata ɗaliba a layin gaba ta ɗaga hannu.

“Malama, wacce ce doguwar?”

Na karɓi nata na duba. Ƙafafu biyu cif, kai ɗaya, yanka mai tsabta irin na wanda ya san aikinsa. Na duba na maƙwabcinta, haka. Baba bai bar ko ɗaya ba. Na ga aikin nan yana ɗaga mini hannu daga nesa. Akwai wata ’yar shafaffiyar alama a gefen ƙwan dayod ɗin da ke nuna ɓangaren, amma wa zai tsaya nuna wa aji guda abin da sai an ƙanƙance ido?

Na ɗauki abin goge allo na share rubutuna a hankali, kamar dama haka na tsara.

“Babu doguwa,” na ce. “Kowa ya maƙala yadda ya ga dama.”

Suka maƙala. Rabin aji ya kama da ja da kore, rabi shiru. Waɗanda nasu bai kama ba suka fara ƙorafi, wannan ya ce batirinsa matacce ne, wancan ya ce an ba shi lalatacce. Na sa suka yi musanyar batir da masu haske, bai kama ba. Na bar su suka ɗan sha wuya, har wani dogo a gefen taga ya juya nasa don haushi. Ya kama. Ya sake juyawa, ya mutu.

“Malama, ta gefe ɗaya kawai yake yarda!”

Nan aji ya rikice da juye-juye. Na hango shugaban sashe ya miƙa hannu a ɓoye ya ɗauki na ɗalibin da ke gabansa, yana juyawa shi ma.

Bayan an tashi ya kira ni ofis. Ya ce shekara da shekaru ana haddace wa yara doguwar ƙafa, ba su taɓa sanin dalili ba sai yau.

“A ina kika samo masu ƙafa daidai? Ban taɓa ganinsu a kasuwa ba.”

“Akwai mai gyara mini su, yallaɓai. Tsohon ma’aikaci ne, ba ya son aikin ha’inci.”

“To ki riƙe shi. Kowane zango haka nake so.”

Na dawo gida da faɗa cike da bakina, na shirya shi tun a mota. Na tarar da Baba a bakin ƙofa yana jirana, ya sa hularsa ta fita, yana ta murza hannu.

“Sun ga aikin, Uwata?”

Faɗan ya narke. Tun da aka fitar da keken nan daga ɗakinsa ban ga fuskarsa haka ba, sai tausayinsa ya kama ni.

“Sun gani, Baba. Sun ɗauke ni. Kai ma sun ce kowane zango sai ka yi musu.”

Ya shiga ɗaki, na ji yana buɗe tsohon akwatinsa, ya fito da babban almakashinsa da kwalbar mai, ya zauna yana goge shi. Can ya ɗago, ya nuna ledar darasin gaba da ke kan tebur, taransista ne a ciki, ’yan uwan dayod.

“Waɗancan masu ƙafa uku fa? Na ga ta tsakiyar ta ɗan karkace.”

Na ɗauki ledar na sa a jaka, na zuge zif, na kai ɗakina na kulle da makulli.