Tsirkiyar da Yaya Mas'udu Ya Zaɓa

Tun da aka kawo ni gidansu jinina bai haɗu da na Yaya Mas'udu ba, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Yayan mijina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana da shagon hatsi a Sabuwa, yana kai masara Legas ya dawo da kaya, kuma tun da ya fara wannan tafiya babu abin da bai sani ba a duniya. Ko ciwon haƙori kake yi, zai gaya maka yadda ake yin sa a Legas.

Maigidana, wanda 'yan gidansu ke kira Almu, makaɗin jita ne a Kankara. Ba irin kiɗan nan mai tada ƙura yake yi ba. Nasa mai sanyi ne, wanda ya koya yana sauraren 'yan jaz, wasu makaɗan ƙasashen waje, a waya, sai ya juye shi kan waƙoƙinmu. Ana kiran sa biki da suna har Mairuwa da Yargoje, da shi muke ci muke sha. Jitar kuwa guda ɗaya ce tak, tsohuwa, ta katako, ya samo ta a hannun wani Buzu a Maraɗi tun kafin aurenmu. Jakinta, wato ɗan katakon da ke riƙe da tsirkiyoyi a cikinta, ya taɓa ɓallewa aka manne shi da gam. Saboda haka sirarar tsirkiya kawai yake sa mata, wadda ba ta jan katako da ƙarfi. Yaya Mas'udu ya daɗe yana so ƙanensa ya ajiye wannan abu da yake kira wasan yara, ya koma Sabuwa yana auna masa masara. Jitar nan ce kaɗai ta hana hakan faruwa.

Bara tsirkiyoyinsa suka ƙare. Direban da ke kawo masa daga Maraɗi ya daina bin hanyar, har ta kai ya zare wayar birkin keke ya maye gurbin guda da ta tsinke. Da ya gaji, sai ya ba wani direba ɗan Sheme mai suna Sanusi sautu zuwa Kano. Ban san bakin da ya kai labarin Sabuwa ba, amma kafin Sanusi ya tashi sai ga waya.

Ina gefe ina tsince shinkafa, ina jin muryar Yaya Mas'udu tana fitowa daga wayar. "Almu, ina raye, ina tahiya Ikko, ka ba bare sautu? So kake a ce na gaza ma?"

"Ba haka ba ne, Yaya. Na ga ba ka son harkar."

"Ka amso sautunka. Ni za ni kawo."

"To, Yaya. Sirara dai nika so, marasa kauri, saboda..."

Bai ƙarasa ba aka kashe wayar. Na ce masa kada ya janye sautun Sanusi, ya bar shi a ɓoye. Ya ce ba ya yi wa yayansa haka. Haushi ya sa ranar ko gishirin miya ban ɗanɗana ba.

Da Yaya Mas'udu ya dawo, bai zo Kankara ba. Aikowa ya yi mu same shi a Faskari, gidan Inna, mahaifiyarsu, kuma a taho da jitar. Ni na san dalili: tsaraba yake so ya bayar a gaban mutane. Muka isa bayan la'asar, muka tarar an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Inna na kan kujera 'yar tsugunno, maƙwabta biyu sun shigo gaisuwa sun ƙi tafiya. Na gaishe su na koma bakin ƙofar ɗaki na zauna.

In faɗi gaskiya, ya yi wahala. Yini guda ya yi a kasuwar kayan kiɗa yana shiga shago yana fita. Ƙunshi huɗu na tsirkiya ya zaro daga aljihun babbar riga ya jera su kamar mai tallan turare.

"Wagga ta China ce," ya ce. "Wagga ta Indiya. Wagga ta Amurka, kaushi gare ta, tana cin yatsa. Wagga kau ta Jamus, ita ce uwarsu. Taɓa ka ji santsi. Mai shagon ya ce manyan 'yan jaz na duniya ita suka sawa."

Maigidana ya ɗauki ta Jamus ya shafa, na ga yadda idonsa ya yi. Yana sonta, wannan ba shakka. Amma ya ajiye, ya miƙa hannu kan ta China.

"Allah shi saka da alheri, Yaya. Wagga ita ta dace da jitata."

"Mi? Duk cikin kayan nan, ta banzar ka gani?"

"Ba ta banza ba ce. Jitar ce ba ta da ƙarhi. Ta Jamus ta yi mata nauyi."

"Tsaya in nuna maka yadda aka gane kaya."

Sai ya tashi. Yaya Mas'udu ya yi shekaru yana sayen igiyar ɗaure buhu, kuma hanya ɗaya ya sani ta gane igiya mai kyau, wato ya ja ta ya ga ko za ta tsinke. Ya farke ƙunshin ta China, ya ɗaure bakin tsirkiya a ƙarfen taga, ya naɗe ɗaya bakin a muciyar Inna, ya tokare ƙafa da bango ya ja. Ta tsinke. Ya zaro ta biyu, ita ma ta tsinke. Ya koma kan ta Indiya, ya yi mata haka. Ta Amurka guda ta tsinke, guda ta lanƙwashe ta zama ba ta da amfani. Maƙwabta suna ta gyaɗa kai suna cewa lallai Alhaji ya san kaya. Ni kuwa ina kallon hannunsa. A kowane ƙunshi mafi siranta yake zaɓa, amma da ya zo kan ta Jamus sai ya zaro mafi kauri, ya ɗan ja ta, ya saki.

"Kun gani?" ya ce yana haki.

Maigidana yana zaune yana kallon guntayen waya a ƙasa. Abin da ya yi wata da watanni yana nema ne aka tsinka a gabansa don a burge maƙwabta.

"Ɗaura ta Jamus yanzu, in ji da kunnena," in ji Yaya Mas'udu.

"Yaya, jakin manne shike da gam. In na ɗaura wagga, ina tsoron kada ya tashi."

"Tsoro dai. Kullum tsoro. Na bar kasuwata na yi yini ina yawo cikin rana saboda kai, ka ce kayana ba su yi maka ba?"

Na san matar ƙane ba ta sa baki a maganar yayan miji. Na sani sarai. Amma bakina ya riga ni. "Yaya, shi ya san jitarshi. In ta lalace, mi za mu ci?"

Ko juyowa bai yi ba. Ƙanensa ya kalla. "Ashe ita ka riƙe da gidan. Shi ya sa."

"Safara'u, shiga ɗaki," in ji Inna. Sannan ta juya ga ɗanta. "Almu, yayanka ya kawo maka tsaraba. Ka sa mana. Kada ka kunyata shi gaban mutane."

Ban shiga ɗakin ba, na dai ja baya kaɗan. Maigidana ya ɗora jitar a cinya, ya kwance tsofaffin tsirkiyoyi har da wayar birkin keke, ya ɗaura sababbin ɗaya bayan ɗaya. Na lura da dabarar da ya yi: bai murɗa kunnuwan jitar har inda ya saba ba, ya bar tsirkiyoyin da ɗan sassauci. Ya taɓa su a hankali.

Ban taɓa jin jitar nan ta yi murya irin wannan ba. Mai zurfi, mai laushi, babu ƙarar yatsa a kan waya ko kaɗan. Irin sautin da yake kunnawa a waya ne yana cewa wata rana. Inna ta daina jan carbi. Har ni da nake cike da haushi sai da jikina ya yi sanyi, na ce a raina wataƙila mu tsira.

Da Yaya Mas'udu ya yi shiru a nan, da an rabu lafiya, shi da yabonsa mu da jitarmu. Amma ba ya iyawa. Ya matso, ya sa babban yatsa ya danna tsirkiya, ta lotsa.

"Sako-sako ka bar ta. A shagon ba haka take ba, tamau take. Kana so ka ce ba ta da kyau, shi ya sa ka ƙi ɗaure ta."

"Haka ma ta yi, Yaya."

"Ba ta yi ba. Wayo za ka yi mani? Ni ka raina, ko kayana? Ɗaure ta yadda aka ɗaurewa."

Maigidana ya kalli Inna. Inna ta sunkuyar da kai. Ya kalle ni, na girgiza masa kai, na sake girgizawa. Sai ya mayar da idonsa kan yayansa, bai ƙara ɗaukewa ba, ya kama kunnen jita ya fara murɗawa. Ya gama da ta farko, ya koma ta biyu. A ta huɗu na ji katakon ya yi ƙara ƙasa-ƙasa, kowa ma ya ji. Ya dakata.

"Ci gaba," in ji Yaya Mas'udu.

Ya ci gaba. Ba jakin kaɗai ya tashi ba. Ya taho da fuskar jitar, ta tsage tun daga ramin har ƙasa, tsirkiyoyin suka zube a kan cinyarsa. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya yi salati.

Yaya Mas'udu ya ɗan ja da baya. Na ga tsoro ya gifta a fuskarsa, amma bai daɗe ba. Ya gyara wuyan riga.

"Daman ruɓaɓɓiya ce," ya ce. "Allah ya raba ka da wahala. Ranar Asabar ka taho Sabuwa, akwai aiki a shago."

Maigidana ya sunkuya kan jitar. Ya kwance tsirkiyoyin daga kunnuwan jitar, ya naɗe kowace a yatsunsa a hankali, ya mayar da su cikin takardarsu, ya ninke bakin. Sannan ya durƙusa ya ajiye ƙunshin a gaban ƙafar yayansa.

"Ga tsarabarka, Yaya. Na gode."

Inna ta miƙe tsaye. "Almu, ba a maida tsaraba. Ɗan'uwanka ne. Ka san abin da kake yi kau?"

"Na sani, Inna."

Ya rungumi fasasshiyar jitar, ya ce mini in ɗauko mayafina. Muka fita, babu wanda ya raka mu ko zaure.