Kicin ɗin Beryl

Magana ta zaga layin tsofaffin mahaƙa kwal a Barnsley cewa ɗaliban fim sun mayar da kicin ɗin Beryl juji. Wai ƙa'idar irin fim ɗinsu ke nan: in za a nuna talakan Ingila, sai da kwanuka jibge ba wanki, da labule mai maiƙo, da hadari a taga. Beryl da bakinta ta faɗa wa ɗanta haka, ranar da ya ga kicin ɗin ya tayar da zancen kai ta gidan tsofaffi. Ya yi dariya, ya janye maganar.

Enid, maƙwabciyarta tun suna amare, ba ta haɗiyar magana sai ta tauna. Beryl, matar da a da ko dokin ƙofa sai ta goge kowace safiya, ita ce za ta bar yara su ɓata mata gida? Enid ta ɗauki sandarta ta tsallaka titi.

Ta tarar da ɗalibai uku cirko-cirko, fitila a kashe, suna jiran rana ta shige gajimare.

"Ga uwar gulma nan," in ji Beryl daga kujera. "Ku ɗauki fuskarta, yara, ta fi hadarin da kuke jira."

"Rufe mana baki, tsohuwar banza. Shayi na zo sha."

Enid ta nufi wurin wanke-wanke neman kofi. Na sama shayi ya bushe a ciki. Na ƙarƙashinsa ya yi funfuna, har da gashi. Ta yafito yarinyar da ke riƙe da kyamara, wadda suke kira Shauna.

"'Yar nan, da me kuke haɗa wannan dauɗa? Kamar ta gaske."

"Haɗawa kuma, Kaka?" Yarinyar ta zaro ido. "Ai malaminmu ya hana. Gida na gaske, mutum na gaske, hasken taga kawai. Ko cokali muka gusar sai ya zabtare mana maki. Mun sha yawo kafin mu dace da nan, duk gidan da muka leƙa tsaf-tsaf yake."

Enid ta waiwaya. Beryl ta kafa wa taga ido, ta tallafe kofinta da hannu biyu, shayin yana ta zuba a kan siket ɗinta.

Yaran ba su taɓa komai ba. Haka suka sami kicin ɗin.